Sassaƙa, Zubi da Ɗori: Daga Injin Jirgin Sama Zuwa Injin Shukar Kawu

A zauren Kawu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Auyo da Kafin Hausa, akwai wani injin shuka na turawa da ya yi damina biyu a jingine da bango. Ƙarfensa lafiya lau, tayarsa ko tsatsa ba ta yi ba. Wata 'yar giya ce ta roba, faɗinta bai wuce murfin gwangwanin madara ba, haƙoranta uku suka guntule. Ita ce ke juya faifan da ke sakin iri ƙwaya-ƙwaya, don haka da ta tsaya sai komai ya tsaya. An duba a Hadejia ranar kasuwa, babu. An ba direba sautu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ya kawo wata mai kama da ita, haƙoran suka ƙi hawa. Mutumin da ya sayar da injin ya ce kamfanin ya daina yin wannan samfurin, sai dai a sayi sabo. Kawu ya koma ga sunguminsa, kaji kuma suka samu wurin saka ƙwai a mazubin irin.

Sai ɗan yayana da ke karatun injiniya a Kano ya zo hutun Babbar Sallah. Ya kwance karyayyar giyar, ya jefa a aljihu, ya tafi da ita. Bayan mako biyu ya dawo da sabuwa fil, ruwan toka, haƙoranta cif. Kawu ya jujjuya ta a hannu, ya kai ta kusa da ido, ya ga wasu siraran layuka a jikinta kamar zaren da aka naɗe.

"Kai ja'iri, wane maƙerin ne ya yi wannan?"

"Tsoho, ba maƙeri ba ne. Buga ta aka yi."

"Buga ta? Kamar katin ɗaurin aure?"

Aka yi dariya, amma tambayar tana kan hanya. Sunan da aka laƙaba wa na'urar, firinta 3D, shi ke rikita mutane, domin da an ce firinta sai tunani ya tafi ga takarda da tawada. Ni ƙirar ɗori nake kiran abin, kuma ga dalili.

Duk abin da ɗan Adam ke ƙerawa, in ka bi diddigi, ta ɗaya daga hanyoyi uku yake fitowa, kuma duk ukun muna da su a karkara tun kaka da kakanni. Masassaƙi yakan sami gungumen ƙirya ya yi ta cire abin da ba ya so da gizago har turmi ya bayyana. Sau da yawa abin da ya zube a ƙasa ya fi abin da ya rage. Maƙerin fari yakan narka alminiyom ya zuba a ramin da ya shirya cikin ƙasa, ya huce ya zama tukunya. Mai ginin rumbu kuwa ba ya cire komai, ba ya kuma buƙatar mazubi. Yakan ɗora curin laka a zagaye, ya bari ya sha iska, ya ɗora wani a kai, har rumbu ya kai wuya. Haka mai ginin tulu take yi, haka zanzaro ke gina ɗakinsa a kusurwar soro.

Masana'antun zamani tun kafuwarsu a kan hanyoyi biyun farko suka tsaya: ko a sassaƙe dunƙulen ƙarfe da injin, ko a zuba narkakken abu a mazubi, ko a danne falle da ƙarfin tsiya ya ɗauki siffar da ake so. Hanyar mai rumbu ce aka bari a baya, saboda ba a da injin da zai iya yin ta. Sai da kwamfuta ta zo.

A kwamfutar kuwa aikin ke farawa. Yaron nan ya auna karyayyar giyar da ma'aunin injiniyoyi mai muƙamuƙi biyu, ya ƙirga haƙora, ya zana ta da tsawonta da faɗinta da kaurinta, yadda za ka iya juya ta a fuskar kwamfuta ka ga bayanta. Fuskoki ukun nan su ne 3D ɗin da ake faɗa. Daga nan wata manhaja ta yanyanka zanen falle-falle kamar yadda mai tsire ke yanka albasa, kowane falle kaurinsa kamar milimita 0.2. Abu mai kaurin santimita 2 ya zama falle 100 ke nan. Duk wanda ya taɓa ganin mai zanen lalle ta ƙulla kwaɓinta a leda, ta huda bakin, tana matsawa tana zana fure a hannun amarya, to ya ga rabin aikin na'urar. Zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75 a naɗe a kan faifai. Tana tura shi cikin wani baki mai zafin digiri 200 ko fiye, ya fito a narke ta wata 'yar kafa mai faɗin milimita 0.4, ta zana fallen farko a kan faranti, ya daskare nan take, ta ɗaga kai kaɗan ta zana na biyu a kansa. Layukan da Kawu ya gani sawun wannan tafiyar ne.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. A 1981 wani mai bincike a birnin Nagoya na Japan, Hideo Kodama, ya wallafa bayanin yadda za a gina abu falle-falle da wani ruwan roba da ke daskarewa idan haske ya taɓa shi, amma bai kai ga mallakar haƙƙin ƙirƙirar ba. Ba'amurke Chuck Hull ne ya nemi haƙƙin a 1984, aka ba shi a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems. A Jami'ar Texas da ke Austin wani ɗalibi, Carl Deckard, ya fito da dabarar haɗe gari da hasken leza. Irin wadda ta buga giyar Kawu kuwa daga Scott Crump ta samo asali, mutumin da ya zauna yi wa 'yarsa kwaɗon wasa da bindigar gam, tunanin ya faɗo masa. Ya nemi haƙƙin a 1989, shi da matarsa suka kafa Stratasys. Kusan shekara ashirin na'urorin nan na ɗakunan manyan kamfanoni, aikinsu galibi fitar da samfurin gwaji, a riƙa a hannu a ga ko zanen ya yi kafin a kashe kuɗi a kan ainihin ƙirar. Abu biyu suka buɗe ƙofar. A 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap, na'urar da ke iya buga sassan robar 'yar'uwarta, ya kuma saki zanen kyauta ga duk mai so. A 2009 wa'adin haƙƙin Crump ya cika. Farashi ya rikito daga dubun-dubatar daloli zuwa 'yan ɗaruruwa, kamfanonin ƙasar Sin suka cika kasuwa. Da ba don haka ba, da wuya a ce yau akwai irinta a wani shago a Kano.

Ta ƙarfe daban ce, kuma a can manyan kuɗin suke. Ana shimfiɗa garin ƙarfe mai laushi kamar tankaɗaɗɗen garin tuwo, kaurin shimfiɗar bai kai na gashin kai ba, a cikin rufaffen akwati da aka kore iskar cikinsa aka cika da iskar argon, don kada garin ya gurɓace ko ya kama da wuta. Hasken leza ya bi ta kan garin ya narkar da inda zane ya nuna kaɗai. Farantin ya ɗan sauka, a sake shimfiɗa gari, leza ta sake bi. Haka sau dubbai. In an gama a kaɗe garin da bai narke ba a tankaɗe shi don wani aikin, abin da aka gina ya fito daga ciki kamar an tono dankali.

Misalin da masana'antu suka fi kafa hujja da shi nozul ne na injin jirgin sama. Injin LEAP, wanda kamfanin GE na Amurka da Safran na Faransa ke haɗa hannu su ƙera, shi ne a jikin Boeing 737 MAX da jirage da yawa na Airbus A320neo. Bakin nozul ɗin da ke fesa mai cikin injin, a tsohuwar hanya, sassa kusan 20 ake ƙerawa daban-daban sannan a haɗe su da walda. Da ƙirar ɗori sai ya zama dunƙule ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin 100, kamfanin ya ce ƙarkonsa ya ninka sau 5. Masana'antar GE da ke Auburn a jihar Alabama ta cika guda 100,000 a 2021.

A dakata a kan sassa 20 ɗin nan, domin a nan sauyin yake. Kowane sashi yana da zanensa, da mai ƙera shi, da motar da za ta ɗauko shi, da mai duba ingancinsa, da gurbinsa a sito. Kowace mahaɗar walda kuma wuri ne da tsagewa ke iya farawa. Duk mai injin ban ruwa ya san daga mahaɗa yoyo ke somawa. In 20 suka koma 1, wannan dogon layin na 'yan kwangila da dillalai da masu dako ya naɗe kamar tabarma. Sannan akwai siffar da sassaƙa ba ta iya fitarwa ko da kuɗi. Gizago ba ya shiga inda hannu bai kai ba, mahuji kuma miƙe yake tafiya, ba ya kwana. Amma mai gini daga ƙasa yana iya barin rami mai lanƙwasa kamar hanji a tsakiyar dunƙulen ƙarfe, inda mai zai bi ko iska ta ratsa ta sanyaya. A wurin masassaƙi kowace kwana ƙarin kuɗi ce. A wurin wannan na'ura, abu mai sarƙaƙiya da abu sumul kusan kuɗinsu ɗaya in nauyinsu da girmansu ɗaya ne. Shi ya sa injiniyoyin da suka tashi da tunanin "me injin zai iya yankawa" yanzu ake sake koya musu zane.

Ga kuma asara. A ƙirar jirage akwai sassan taitaniyom da sai an sayi kilo 10 ko fiye a sassaƙe kafin a sami kilo 1, ga shi ƙarfe ne mai tsadar gaske. Masu roka ma sun rungumi hanyar: injin Rutherford na kamfanin Rocket Lab, wanda yawancin manyan sassansa bugawa ake yi, ya kai roka falaki daga New Zealand a Janairun 2018.

Inda ƙirar ɗori ta yi cin da babu gardama kuwa jikin mutum ne, don Allah bai yi kunne biyu iri ɗaya ba. Na'urar ƙara ji da ake cusawa cikin kunne, a da sai gwani ya zauna ya gyara ɓawonta da hannu. Tun farkon shekarun 2000 aka koma ɗaukar hoton ramin kunnen a buga ɓawon daidai da shi, yau kusan duk masu wannan sana'a haka suke yi. Haka masu gyaran haƙori. A Italiya an daɗe ana buga ƙoƙon ƙugu na taitaniyom mai ƙananan ramuka kamar soso, don ƙashin majiyyaci ya tsiro ya shiga ciki ya riƙe. A Maris 2019, a Asibitin Steve Biko da ke Pretoria, Farfesa Mashudu Tshifularo ya dasa wa wani majiyyaci ƙananan ƙasusuwan cikin kunne da aka buga. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa Asibitin Ƙashi na Dala neman ƙafar roba ya san darajar abin da aka yi daidai jikin mai shi.

To, in haka ne, me ya hana masana'antun robobi na Sharaɗa da Challawa su watsar da injinansu? A nan ne masu zuzuta abin ke yin shiru. Ɗauki kofin roba. Mazubin ƙarfen da ake zuba shi a ciki yana da tsada ƙwarai, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin a sassaƙa shi. Amma da zarar an ɗaura shi a injin, cikin 'yan daƙiƙoƙi kofi ke faɗowa, dare da rana. In ka raba kuɗin mazubin a kan kofi dubu ɗari biyar, abin da ya hau kan kowanne bai taka kara ya karya ba. Na'urar ɗori kuwa awanni za ta yi a kan kofi ɗaya, kuma na dubu ɗinsa lokacin da zai ci daidai yake da na farko. Ba ta san sari ba. Saboda haka buta da bokiti da kujerar roba da silifa suna nan a hannun mazubi, kuma ban ga ranar da za su bar shi ba.

Amma juya lissafin. In guda ɗaya tak kake so fa? Ko guda goma? Babu mai hankalin da zai sassaƙa mazubin miliyoyi don giyar Kawu. Abin da ƙirar ɗori ta karya ke nan: farashin guda ɗaya. Tsohon tsarin masana'antu cewa yake yi, ka so abin da mutum miliyan ke so ka samu da araha, ko ka so naka na daban ka biya da tsada, ko ma ka rasa. Mu mutanen karkara kullum a rukuni na biyu muke faɗawa, da tsofaffin injina da ƙananan buƙatu da nisa daga tashar jiragen ruwa.

Waɗanda suka ɗauka kowane gida zai mallaki na'ura ya riƙa buga takalminsa sun sha ƙasa. Shapeways, kamfanin da ya yi suna wajen buga wa mutane kaya ta intanet, ya durƙushe a 2024. Desktop Metal, da aka taɓa yi wa kuɗi da biliyoyin daloli, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2025. Waɗanda suka ci riba su ne waɗanda suka gane inda ya kamata a sa ta. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, yana da jirage masu shekaru da yawa waɗanda masu ƙera kayan gyaransu sun daina. Tun 2015 ya fara bugawa, zuwa 2023 ya kai guda 100,000. Ciwonsa da na Kawu ɗaya ne, girman aljihu ne ya bambanta. A Disamban 2014 an aika zanen wani sifana daga ƙasa zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, 'yan sama jannati suka buga shi a can cikin kimanin awa 4. A Maris 2020, da korona ta turnuƙe arewacin Italiya, wani asibiti a garin Chiari kusa da Brescia ya rasa wasu 'yan bawul na na'urar numfashi. Injiniyoyin wani ƙaramin kamfani, Isinnova, suka auna wanda ke akwai, suka sake zana shi, suka buga kusan 100.

Ma'anar wannan ga masana'antu ita ce sito na iya komawa fayil. Maimakon a tara kayan gyara shekara ashirin suna cin kuɗin haya suna shan ƙura, sai a ajiye zane, a buga ranar da aka nema, a kusa da mai nema. Zane ba ya jiran kwantena, ba ya kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Sai dai a nan wata rigimar ke tasowa: zanen na wane ne? Kamfanin da ya ce wa Kawu ya sayi sabon injin ba shi da dalilin sakin zanen giyarsa, domin a kayan gyara da sayar da sabo yake cin abinci. In kamfanoni suka kulle zanensu, mai ƙaramin ƙarfi bai tsira ba sai yana da wanda zai auna ya zana masa da kansa.

Mu koma ga giyar, don labarinta bai ƙare a dariyar zaure ba. An ɗaura ta, injin ya yi aiki da safe, Kawu har da kiran maƙwabta. Da azahar aka bar shi a gona cikin rana aka tafi salla da cin abinci. Da aka dawo haƙoran sun lanƙwashe kamar an tauna. Robar da aka yi amfani da ita, wadda ake kira PLA, ita ce mafi sauƙin bugawa, amma tana fara laushi tun daga digiri 55 zuwa 60. A ƙasar Hadejia, inda zafin inuwa kan haura digiri 40 a bazara, abin da ke manne da ƙarfe a tsakar rana yana kai wa can cikin sauƙi. Littafin da aka rubuta a ƙasar sanyi ba zai gaya maka wannan da babbar murya ba.

Ta biyun da wata roba aka yi ta, PETG, mai jure zafi har wajen digiri 80. Ita kuma ta tsage a wuyanta, inda take riƙe sandar da ke juya ta, kuma tsagewar ta bi layin nan ne sak. Abin da aka gina falle-falle yana da gaɓa kamar itace: mai faskare ya san ta inda gatari ke shiga da sauƙi. In ƙarfin da zai ja abin ya zo ta inda zai raba falle da falle, zai ɓare. Sai da yaron ya ƙara wa wuyan kauri, ya cike cikin giyar tam maimakon saƙar zuma da manhajar ke barin ta da ita don tsimin roba, sannan ta ukun ta gama damina.

Wannan rauni shi ya sa manyan kamfanoni ba sa ɗaukar abu daga na'ura su ɗaura a jirgi kai tsaye. Sai an gasa shi a tanda don ya saki jiki, an yanke ƙafafun da suka tallafe shi, an goge, an leƙa cikinsa da hoton da ke ratsa ƙarfe ko akwai kumfar iska. Wani lokaci wannan aikin na baya ya fi bugun kansa cin kuɗi. Don haka in wani ya ce zai buga maka abin birkin babur ko kan tukunyar gas da na'urar kan tebur, ka yi masa godiya ka wuce.

Sauran matsalolin namu ne na gida. Na'urar kan tebur ba ta da cin wuta sosai, ba ta kai dutsen guga ba, sola da batir mai kyau za su riƙe ta. Amma aiki ne na awanni a jere, in wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa an yi asarar abin. Ƙurar hunturu na toshe baki, danshin damina na shiga zaren ya sa shi tartsatsi. Zaren kansa daga waje ake kawo shi, farashinsa na bin dala. Na'urar ƙarfe kuwa a bar ta tukuna: kuɗinta ɗaruruwan dubban daloli ne, ga argon, ga garin da shaƙarsa illa ce. Ba na jin kowane ƙauye na buƙatar na'ura. Guda ɗaya a Hadejia ko Gumel ko Wudil, a hannun wanda ya iya, ta ishi ƙananan hukumomi da dama, kamar yadda ba kowane gida ke da injin niƙa ba. Kuma ba sai an jira Turai ba: a 2013, a Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou ya haɗa tasa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da ya tsinto a juji.

Gidajen da ake bugawa da siminti, waɗanda hotunansu ke yawo a Facebook, ba su burge ni sosai ba. Gaskiya ne kamfanin 14Trees ya buga bangon wata makaranta a Salima ta Malawi cikin awa 18, aka buɗe ta a 2021. Amma bango kaɗai na'urar ke yi, ba rufi ba ƙofa, kuma abin da take tsimi shi ne leburori. Mu kuwa hannu ne muke da shi a yalwace, siminti ne ke gagarar mu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne a rumfar wani dattijo maƙerin fari da ke zubin tukwane a bayan kasuwa. Na kai masa giyar da ta lanƙwashe don ya gani. Ya shafa ta da babban yatsa, bai ce komai a kan robar ba, sai ya tambaya:

"Malam, yaron nan zai iya yi min irin wannan da kowace siffa na ce?"

Na ce zai iya, in an ba shi awo.

"To ai ni ba robar nake so ta yi aiki ba. Uwa nake so."

Nan take ya gano abin da manyan masana'antun zubi suka gano. Maƙerin fari ba ya zuba abin da ba shi da samfurinsa. Sai ya danna wata tukunyar a cikin damammiyar ƙasa, ya cire ta, ramin da ta bari shi ne mazubi. Shi ya sa shekara da shekaru tukunya da ludayi da murfi yake ta maimaitawa, kuma in aka kawo masa karyayyen abu, da karayar zai fito. Amma in aka buga masa samfuri lafiyayye da roba, rana ba ta dame shi ba, gaɓa ba ta dame shi ba, domin robar ba za ta je gona ba. Rami kawai za ta bari a ƙasa, alminiyom ya maye gurbinta. Farfelar injin ban ruwa, murfin famfo, mariƙin injin casar shinkafa, duk suna iya bi ta nan. Sai dai a zana samfurin ya ɗan fi girma, da kashi 1 cikin 100 da 'yan kai, don alminiyom na tsukewa in ya huce, a kuma ɗan karkata gefensa don ya fita daga ƙasar ba tare da ya rusa ramin ba. Dattijon ya san wannan da hannu, yaron ya san shi da lissafi. A Jamus da Amurka har mazubin yashin kansa ake bugawa, da na'urar da ke ɗiga gam a kan yashi falle-falle.

Mai walda ma ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk sanda ya yi wa cinyayyen shaf ciko, yana ɗora narkakken ƙarfe layi bisa layi, ƙirar ɗori yake yi da hannu. Gadar ƙafa mai tsawon mita 12 da kamfanin MX3D ya yi, aka buɗe a kan wata mashigar ruwa a Amsterdam a Yulin 2021, hannuwan mutum-mutumi ne suka gina ta da walda, ɗigo bisa ɗigo.

Don haka in aka tambaye ni abin da ya fi ƙaranci a wajenmu, ba zan ce na'ura ba. Mai zane ne. Cikin mako biyun da yaron nan ya yi da giyar farko, bugun awa uku ya ci. Sauran duk awo ne da zane da gyaran zane. Akwai manhajojin zane na kyauta, irin su FreeCAD, da ke tafiya a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Wudil, ko na kwalejin fasaha ta Kazaure ko ta Hadejia, da zai fito ya iya riƙe karyayyen abu ya mayar da shi zane mai awo daidai, ya kuma san wace roba ke jure ranar Jigawa, ba zai rasa masu nemansa ba daga Kadawa har fadamun Auyo. Wanda zai ji a jikinsa shi ne dillalin da cinikinsa ya dogara ga cewa babu, sai an yi oda.

Bayan kaka Kawu ya sa aka kira masa yaron a waya. Faifan injin na masara ne da wake, ramukansa manya. Shi kuma riɗi yake so ya shuka da shi bana, ya gaji da yafawa da hannu yana ɓarnar iri.

"Za a iya yin mai ƙananan ramuka?"

"Za a iya, tsoho. Amma sai ka aiko min da irin in auna."

Washegari Kawu ya ƙulla riɗi cikin tafin hannu a ƙyalle, ya haɗa da tsohon faifan, ya ba direban motar Kano. Ya ce a gaya wa ja'irin ya yi guda biyu, ɗaya a kai wa maƙeri.